Me ya sa kuɗin rajistar jami'ar jiha ke ta tashi, alhali ana cewa an ware wa ilimi biliyoyi?

Tambaya: Ɗana ya samu gurbin karatu a jami'ar jiharmu, amma kuɗin rajistar da aka yanka masa ya ninka wanda yayarsa ta biya shekarun baya kaɗan. Kullum kuma muna ji a rediyo cewa gwamnati ta ware wa ilimi kaso mai tsoka a kasafi, ga TETFund tana ta gine-gine. Ina kuɗin ke tafiya? Wa ke yanka kuɗin nan? Kuma ta ina mai ƙaramin ƙarfi zai ɓullo wa lamarin?

Amsa: Malam, Allah ya sanya albarka a karatun yaro. Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, kuɗin da ka gani a takardar rajista ragowa ce. Jami'a tana da abin da dole ta kashe kowace shekara. Gwamnatin jiha ta ɗauki wani ɓangare, TETFund, wato asusun tarayya na tallafa wa manyan makarantu, ta ɗauki wani, jami'ar ta nemo ɗan abin da za ta iya, sauran kuma a raba shi a kan ɗalibai. Duk ranar da rajista ta tashi, to ko dai ɗawainiyar ce ta ƙaru, ko kuma abin da gwamnati ke bayarwa ya kasa bin tashin farashi. Daga 2023 zuwa yanzu, a wurare da yawa biyun ne suka haɗu.

Mutane kan gwama jami'ar jiha da ta tarayya, alhali iyayen gidansu daban. Jami'o'in farko irin su Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, na gwamnatocin yankuna ne kafin tarayya ta karɓe su a 1975. Tsarin mulkin 1979 ne ya sake buɗe wa jihohi ƙofa, jihar Ribas ta fara kafa tata a 1980. A Arewa yawancinsu sai bayan dawowar mulkin farar hula: ta Wudil a 2001, ta Kaduna da ta Gombe a 2004, ta Katsina a 2006. Maganar da ake yi cewa karatun jami'a kyauta ne ta samo asali daga soke kuɗin koyarwa da gwamnatin soja ta yi a jami'o'in tarayya a ƙarshen shekarun 1970, kuma wannan bai taɓa hawa kan jami'ar jiha ba. Gwamnatin tarayya ba ta biyan ko kwabo na albashin malamin jami'ar jiha. Wanda ya kafa, shi zai ciyar.

To me jihar ke bayarwa? Kashi uku ne a kasafi: albashi, kuɗin gudanarwa na wata-wata, da kuɗin manyan ayyuka. Albashi shi ne ke cinye mafi yawa, kuma shi ne gwamnoni suka fi kiyayewa, don rana ɗaya aka yi jinkiri ƙungiyoyi za su tashi. Kuɗin gudanarwa, wato na wuta da ruwa da dizal da takardun jarrabawa da gyare-gyare, shi ake fara dannewa idan aljihu ya yi zafi, kuma sau da yawa adadinsa yakan yi shekaru bai motsa ba. Na manyan ayyuka kuwa a takarda yake da kyau. Nan ne amsar tambayarka ta rediyo take. Abin da ake karantawa ranar gabatar da kasafi alkawari ne. Kafin ya zama kuɗi sai jami'a ta rubuta takardar neman a saki, ta bi ta ma'aikatar ilimi mai zurfi, gwamna ya sa hannu, sannan akanta-janar ya ga akwai kuɗi a asusu. A kowane mataki takarda tana iya kwana, kuma abin da bai fita ba kafin ƙarshen shekara ya bi ruwa.

Ka kuma lura cewa kason ilimi da ake faɗa na kowa da kowa ne: firamare, sakandare, ciyar da ɗaliban kwana, kuɗin jarrabawar kammala sakandare, kwalejin ilimi, kwalejin fasaha, tallafin karatu, har da ɗaliban da aka tura ƙasashen waje. Abin da ke isa jami'a yanki ne daga ciki, idan kuma jihar tana da jami'a biyu ko uku, yankin ma sai an sake yanka shi. (Kashi 26 cikin ɗari da 'yan siyasa ke yawan jingina wa UNESCO ba shi ne ma'aunin da ƙasashe suka amince da shi ba. Abin da aka cimma a taron ilimi na duniya da aka yi a Incheon, Koriya ta Kudu, a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati ke kashewa, ko kashi 4 zuwa 6 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara.) Idan kana son gaskiyar jiharku, kada ka tsaya kan jawabin kasafi. Jihohi suna wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku a shafinsu na intanet. Nemi layin da ke ɗauke da sunan jami'ar, ka kwatanta abin da aka ware da abin da aka saki. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ke dawowa kan takardar rajistar ɗanka.

Wasu jihohin suna da wata hanya: doka ta ce a cire wani kaso daga kuɗin ƙananan hukumomi a asusun haɗin gwiwa a ba jami'a. Wannan yakan fi tabbas, tunda daga tushe ake cirewa. Sai dai hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sa jami'ar da ta dogara da wannan hanya dole ta fara neman madogara.

Sai TETFund, wadda ta fi rikita mutane saboda ita ake gani da ido. Asalinta yarjejeniyar ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU da gwamnati ce ta 1992, wadda ta haifar da dokar harajin ilimi ta 1993: kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni. A 2011 aka mayar da asusun na manyan makarantu zalla, harajin ya koma kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, sannan kashi 3 a 2023. Sabuwar dokar haraji ta 2025 ta haɗe shi da wasu cikin harajin raya ƙasa na kashi 4, inda rabinsa ke zuwa TETFund. Ana raba kuɗin biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilimi, kuma jami'ar jiha tana samun kason shekara daidai da ta tarayya. A 2024 kowace jami'ar da ke cikin tsarin an ware mata kusan naira biliyan 1.9.

Kuɗi ne mai kauri, amma ɗaurarre ne. Na gini ne, da kayan koyarwa, da littattafan laburare, da bincike, da tura malamai ƙaro karatu. Ba a biyan albashi da shi, ba a sayen dizal, ba a biyan kamfanin wuta. Kuma kashi-kashi ake sakinsa, sai an duba aikin da aka yi da na farko kafin a ba da na gaba, shi ya sa jami'ar da ta bar ɗan kwangila ya gudu da aiki take tara kasonta na shekaru ba ta iya ɗauka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kowane sabon gini sabon nauyi ne. Babban ɗakin lacca mai kujera ɗari biyar yana son wuta, fanka, mai shara, mai gadi, da gyaran rufi bayan damina biyu. TETFund ta gina ta miƙa makulli, ɗawainiyar kuma ta faɗa kan kuɗin gudanarwa, wato kan ɗalibi. A ganina wannan asusu, duk da alherinsa, ya koya wa wasu jihohi kasala: a kafa jami'a da doka da allon suna, a jira TETFund ta yi gini.

Yanzu ɗawainiyar kanta. Hukumar NUC mai kula da jami'o'i tana da ma'aunin yawan ɗalibai kan kowane malami: 30 a fannonin adabi, shari'a da zamantakewa, 20 a kimiyya, 15 a injiniyanci da noma, 10 a likitanci. Tana kuma son kusan kashi 20 na malaman sashe su kasance a matakin farfesa, 35 manyan malamai, 45 na ƙasa. Daga nan za ka gane dalilin da ya sa kuɗin ɗalibin likitanci ya ninka na ɗalibin tarihi. Malamai ya fi ci, ga sinadarai, ga asibitin koyarwa. Duk kwas sai NUC ta zo tantance shi. Wanda ya samu maki 70 zuwa sama yana da cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, wanda ya tsaya a sittin da wani abu a ba shi ta wucin gadi ta shekara biyu, wanda ya gaza a hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai. Bayan NUC akwai hukumomin sana'a, irin su MDCN ta likitoci da COREN ta injiniyoyi da majalisar ilimin shari'a, kowace da tata ziyarar da nata sharuɗɗan. Shekarar da jami'a ke da kwasa-kwasai ashirin a layin tantancewa, ofishin ma'aji ba ya barci.

Sannan ga abin da ya faru da farashi. Dizal ya yi tsalle tun 2022, don shi dama ba ya cikin tallafi. A ƙarshen Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, a watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Sinadaran ɗakin gwaji, kayan kwamfuta da rajistar mujallun bincike duk da dala ake sayensu. A Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin A, wato na masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, ya tashi daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kan kowane yunit, kafin a ɗan sassauta, kuma manyan makarantu da yawa a wannan rukunin suke. A Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 daga 30,000. Duk ƙarin da tarayya ta yi wa malamanta kuma, reshen ASUU na jami'ar jiha zai nemi irinsa, idan aka hana, ƙwararrun su tsallaka jami'ar tarayya da ke maƙwabtaka.

Bari mu yi lissafi da jami'ar da muka ƙaddara, don ka ga yadda abin ke aiki. A ce tana da ɗalibai 15,000, albashinta naira miliyan 500 a wata, wato biliyan 6 a shekara, gudanarwa kuma biliyan 1.8. Jimilla biliyan 7.8, ke nan kowane ɗalibi yana cin naira 520,000 a shekara. A ce jiha tana biyan albashi cif, tana ƙara miliyan 25 a wata na gudanarwa, wato miliyan 300. Giɓin da ya rage biliyan 1.5 ne. Raba shi kan ɗalibai 15,000, kowa naira 100,000. Yanzu a ce jihar ta fara turo kashi 90 na albashi ta ce jami'a ta cike sauran. Miliyan 600 ta ƙaru a giɓi, rajista ta koma 140,000, ba tare da an ƙara ko kujera ɗaya a aji ba. Haka kuma idan gwamna ya tashi ya ce an rage rajistar 100,000 da rabi, jami'a ta rasa miliyan 750 a shekara. Sai dai in baitulmali zai riƙa turo ƙarin miliyan 62.5 duk wata.

Wannan “sai dai in” ɗin shi ne komai. A ƙa'ida, sassa da tsangayoyi ne ke kawo buƙatunsu, ofishin ma'aji ya haɗa lissafi, shugabannin jami'a su kai wa majalisar gudanarwa, ita ce doka ta ba ikon amincewa da kuɗin. A aikace ba majalisar da ke ƙara kuɗi ba tare da ta ji daga gidan gwamnati ba, tunda gwamna ne ke naɗa yawancin 'yan majalisar. Shi ya sa kuɗin ke tafiya da kalandar siyasa. Jami'ar jihar Legas ta tashi daga naira 25,000 zuwa tsakanin 193,750 da 348,750 a 2011, aka yi ta rikici, a 2014 ana gab da zaɓe aka mayar da shi 25,000. A Kaduna an kai mafi ƙarancin kuɗin jami'ar jiha naira 150,000 a 2021, sabuwar gwamnati ta rage shi zuwa 105,000 a Agustan 2023. A Agustan 2023 ɗin dai Kano ta sanar da ragin rabi a manyan makarantunta. Ragi abin so ne, kuma iyaye sun ji sauƙinsa. Tambayar da ya kamata a bi kowace irin wannan sanarwa da ita ita ce ko an biyo ta da kuɗin cike gurbi, kuma ko suna fita a kan lokaci.

Inda ba a cike ba, ɗalibi ne dai ke biya ta bayan gida. Jami'a takan ɗebi ɗalibai fiye da ƙarfinta don yawan kai ya kawo kuɗi. Takan buɗe karatun share fage da na ƙarshen mako da difloma barkatai, malaman da ke koyar da ɗanka su ne za su koyar a can. Sassa su ƙirƙiro ƙananan kuɗaɗen da ba sa cikin takardar hukuma. Darasin gwaji ya koma zane a allo. Alawus ɗin malamai ya taru, a tafi yajin aiki, digirin shekara huɗu ya zama shida, kana biyan haya da abinci na shekara biyu da ba ka shirya musu ba. Mafi muni shi ne a ɗebi ɗaliban shari'a ko likitanci fiye da adadin da hukumar sana'ar ta amince, yaro ya gama ya zauna jiran gurbin makarantar lauyoyi ko rantsuwa. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Ni ra'ayina, tsarin da ya fi adalci shi ne doka ta ɗaure wa jami'a wani kaso tabbatacce da ake cirewa daga tushe, a bar rajista tana motsi kaɗan-kaɗan kowace shekara maimakon a danne ta shekara takwas sannan ta fashe, tallafi kuma a nufi marasa ƙarfi da shi. Ragin bai-ɗaya yana sauƙaƙa wa ɗan kwamishina daidai da ɗan mai gadi.

Sai abin da za ka yi yanzu. Fara da samo jadawalin kuɗin daga shafin jami'ar kanta, ka karanta shi layi-layi. Ware abin da ake biya sau ɗaya, kamar kuɗin karɓar gurbi, gwajin lafiya, katin shaida da bikin rantsar da sababbin ɗalibai, daga wanda zai dawo kowace shekara. Shekarar farko ta fi tsada, ta ƙarshe ma tana da nata saboda aikin bincike da kuɗin sallama. Tabbatar an sa yaron a layin 'yan asalin jiha idan shi ɗan jihar ne, don bambancin yakan yi yawa, kuma takardar shaidar ƙaramar hukuma ce ke raba gardama. Idan aka yi kuskure aka biya a layin baƙi, dawo da kuɗi daga asusun gwamnati aiki ne mai cin rai. Lambar biya a ciro ta daga shafin ɗalibin da kansa, a biya a banki ko ta hanyar da jami'a ta ayyana, a adana rasit na takarda da hotonsa. Kada a ba wani a shagon intanet kuɗi a hannu ya ce zai biya. Rasit na bogi ba ya tonuwa sai ranar jarrabawa. Ka tambaya ko ana karɓar biya kashi biyu, da ranar rufe shafi, don tarar makara asara ce tsagwaronta. Wanda abin ya gagara gaba ɗaya, ya rubuta takardar jingine karatu a hukumance ta hannun shugaban sashe. Ɗalibin da ya ɓace shiru yana iya rasa gurbinsa.

Kafin ka biya ko sisi, duba abu biyu: gurbin ya fito a shafin CAPS na JAMB kuma yaron ya karɓa a can, sannan kwas ɗin yana da amincewar NUC. Rashin ɗayansu yana iya hana shi tafiya bautar ƙasa.

Bashin karatu na NELFUND ya shafi ɗaliban jami'ar jiha. An fara sa hannu kan dokarsa a Yunin 2023, aka sake ta a Afrilun 2024, sabuwar ta cire sharaɗin mai tsaya wa ɗalibi da na ƙayyade samun iyaye, aka buɗe shafin nema a Mayun 2024. Babu ruwa a kansa, abin da ya sa da yawa daga masu ƙyamar bashin banki suka natsu da shi. Kashi biyu ne: kuɗin makaranta, wanda ake tura wa jami'a kai tsaye, da na ɗawainiya naira 20,000 a wata zuwa asusun ɗalibi ga wanda ya nema. Ana buƙatar lambar JAMB, lambar NIN, lambar BVN, lambar rajistar ɗalibi da takardar gurbi. Biya yana farawa shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 na albashi. Wuraren da ake tuntuɓe sanannu ne. Idan jami'a ba ta ɗora bayanan ɗalibi ba, shafin ba zai gane shi ba, kuma gyaran a ofishin jami'a yake. Idan suna ko ranar haihuwa sun saɓa tsakanin JAMB da NIN da banki, ko da Muhammad ne a nan Mohammed a can, nema yakan maƙale, don haka a daidaita su tun kafin a fara. Sau da yawa kuma kuɗin yakan iso bayan an rufe rajista, iyaye sun riga sun ranto sun biya. A irin wannan hali jami'a ce za ta mayar wa ɗalibi kuɗinsa, sai ya rubuta takarda zuwa ofishin ma'aji da rasit da shaidar cewa an biya masa, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ana sabunta nema kowace shekarar karatu. Kuma a tuna bashi ne a wuyan yaron, a zauna da shi a yi shawara kafin a ɗauki na ɗawainiya idan gida zai iya riƙe shi.

Tallafin hukumar bayar da tallafin karatu ta jiha a cike shi duk shekara, amma kada a gina rajista a kansa, don ba kasafai yake zuwa kafin a rufe ba. Mai karatun injiniyanci ko kimiyya ya sa ido kan na hukumar tallafin karatu ta tarayya da na kamfanonin mai da gas. Yawancinsu sai an gama shekarar farko ake nema, kuma sakamakon shekarar ake dubawa. Kasafinka kuma kada ya tsaya kan rajista. Ga ɗalibin da ba a gida yake kwana ba, haya da abinci da mota da data sukan fi kuɗin rajistar nesa. Ɗakunan kwanan jami'a ba sa isa, wanda ya gama rajista da wuri shi ke samun gado, don haka a nemi gadon a ranar da aka biya.